Sabar da ta daskare a Daɗin Kowa

Shekara huɗu na yi ina aiki a wani shagon koyar da kwamfuta a Daɗin Kowa. Mai shagon mutumin Bukuru ne, Birom, ya ba hamsin baya. Oga nake ce masa. Shi kuwa "kai" yake ce mini ko da yake ni mace ce. Haka Hausarsa take, ban taɓa gyara masa ba.

Muna da wata tsohuwar saba a lungu, babbar kwamfutar da ke riƙe da ayyukan ɗalibanmu. Wata damina muka sabunta mata kanel, wato zuciyar tsarin da ke juya ta, sai ta fara daskarewa. Fanka na juyawa, fitila na ci, amma ko harafi ba ta karɓa sai an kashe an kunna.

A lokacin ciwon suga ya riga ya ci idon Oga, yana ta ɓoyewa. Na gane ne ranar da ya ƙara girman rubutu har kalma biyu suka cika allo, ya kafa fuska, ya daɗe, sannan ya jingina.

"Zo ka karanta mini," ya ce, bai juyo ba.

Na jawo kujera na karanta masa rahoton da na'urar ta bari kafin ta tsaya. Da na gama ya ce, "Ba ram ne ya lalace ba. Matsala yana suwap."

Suwap wani fili ne da kwamfuta ke warewa a faifai. In ƙwaƙwalwarta, wato ram, ta cika, sai ta kwashe wasu kaya ta ajiye can. Muka riƙa cika ƙwaƙwalwar da gangan. Duk sanda ta taɓa suwap da nauyi, sai ta sandare.

Kwana tara ina karanta masa rubutun kanel, layi bayan layi, har waƙafi da baka sai na faɗa. Yana zaune ido rufe, yatsunsa na motsi a gwiwa. Muryata ta dushe. Ran na tara da hantsi ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Koma baya. Wa ya riƙe makulli a nan?"

Ashe ɓangaren da ke kai kaya suwap ne yake kulle hanya sannan ya nemi ƙarin wuri, shi kuma mai samar da wurin yana jiran a buɗe hanyar. Kowa na jiran ɗan'uwansa. Oga ya faɗi layi uku, na rubuta. Muka sake haɗa kanel ɗin, muka cika ƙwaƙwalwar har wuya. Saba ta ci gaba da aikinta.

Na yi ihu har ɗalibai suka leƙo. Shi bai ko murmusa ba.

"Da ina da ido," ya ce, "wuni ɗaya ya ishe ni."

Na aika gyaran ga masu kula da tsarin, da sunansa. Kafin su amsa ya daina zuwa shago. Da amsar ta iso na hau bas zuwa Bukuru, na same shi a tsakar gida, matarsa na tankaɗen acca a gefensa.

"Oga, sun karɓa. Sun yi godiya."

"Madalla."

"Na zo da wata matsalar, in karanta maka?"

Ya ji ƙarar zif ɗin jakar kwamfutata, ya girgiza kai.

"Bar shi a ciki, 'yata. In na ji, raina yana so, kuma ba ni gani."

Na mayar da zif. Muka yi hirar tsadar taki da ruwan bana. Matarsa ta rako ni bakin titi, a nan ta gaya mini an riga an sallama shagon ga wani mai kayan gini, ƙarshen wata zai karɓi makulli. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Bas biyu suka wuce ina tsaye ban tsayar da su ba.