Minti goma da na hana

Da za a ba ni damar goge safiya guda a rayuwata, da na goge wadda na buga ƙarfe da ƙarfe goma daidai.

Ni ne mai gadin wata lakwal, wato makarantar boko, a Tawa. Karatuna aji shida ne, amma ina da agogo, don haka darakta ya damƙa mini ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a iccen bedi. In na buga a shiga, in na buga a fito. Ranar jarrabawar shiga kwaleji ma, sai na buga ake karɓar takardu.

Akwai wata yarinya 'yar Tebaram da ke zaune wurin gwaggonta. In an tambaye ta, sai ta yi shiru har ka ɗauka ba ta ji ba, sannan ta kawo amsa daidai. Rubutunta ma haka. Yara na ce mata Sai-gobe. Ni ma na faɗa, har da dariya. Shekarunta sun kai iyaka, in ta faɗi wannan karon babu sakewa.

Ranar jarrabawar da safe malamarta, wata Bazabarma da aka turo daga yamma, ta same ni gindin bedi.

"Baba, lissafi ne yau. Ka jinkirta hannunka minti goma. Ɗiyar nan ta san abin, lokaci ɗai ka yi mata kaɗan."

"Madan, mi kike so in zama? 'Yan lakwal na Madawa da Ƙonni wa za ya ƙara musu? Yanzu dimokuraɗiyya muke, kowa daidai."

"Daidai? Kai da ke tahiya da sanda, in an ce ku yi tsere da ɗan balo mai buga ƙwallo, daidai ne?"

Na ji haushin zancen sandar. A shekarun nan duk mai rediyo ya zama lauya, ni ma na haddace kalmomi biyu ina taƙama da su. Goma na cika na ɗaga guduma na maka wa ƙarfen da ƙarfin da ban taɓa sa wa ba. Ta taga na ga mai tsaron jarrabawa yana jan takardar yarinyar, biro na hannunta. Tambaya biyu ta bari fari.

Ba ta ci ba. Malamar ta ce mini abin da ta rasa bai kai amsar tambaya guda ba. Daga ranar malamar ba ta ƙara gaishe ni ba.

Abin da ke tafasa mini zuciya har yau: kafin wannan, lakwal ta yi watanni a rufe. Yau yajin malamai, gobe na ɗalibai, har shekara ta tafi a banza, awaki na kwana cikin aji. Manya suka cinye wa yaran nan shekara guda, ba wanda ya ce an karya doka. Amma minti goma na yarinyar da ba ta taɓa fashi ba, nan ne muka tuna da adalci! Wa ya ce jarrabawa tseren jakai ce? Lissafi aka ce a gwada ko saurin hannu? Kuma ba minista ya buga ƙarfen ba. Ni ne.

Yarinyar ta koma Tebaram. Ranar tafiya ta biyo ta ƙofar lakwal da ƙullin kayanta, ta durƙusa ta ce, "Baba, sai wata rana." Ko "Allah shi kiyaye" ban iya ce mata ba.

Ku da ke riƙe da agogo yau, a aji ko a ofis, in an ce muku wani ya sani amma yana da nawa, ku ba shi lokacinsa. Ina roƙonku kada ku yi abin da na yi.