Ƙawar da Gwaggo Ta Samo a Bencin Asibiti

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ɗinkin hula take yi a gidanmu na Ƙofar 'Yandaka. A hannunta na taso. Shekarar da na fara koyarwa ciwon ya same ta. Da safe ras take tashi, amma daga la'asar sai fatar idonta ta riƙa saukowa, zare ya zame mata biyu, tauna ma ta gagara. Maƙwabta suka ce sammu ne. Ta sha rubutu, ta yi hayaƙi, shiru.

Da muka dangana da asibiti, likita ya ce garkuwar jikinta ce ta rikice, take tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka. Ya ce ba ya warkewa ɗungurungum, amma magani na sassauta shi.

Gwaggo ta ɗaga fatar idonta da yatsa don ta gan shi sosai.

"Likita, mu nawa ne garin nan masu irin shi?"

"Hajiya, ba kasafai ake ganinsa ba. Tun da na fara aiki, 'yan kaɗan na gani. Wataƙila akwai wasu a ƙauyuka da ba su zo ba."

Wannan amsa ta fi ciwon damunta. Ta ce da hawan jini ne, da ta samu abokan kuka a kowane gidan suna.

Sai wata ranar karɓar magani, muna zaune a benci, ta zungure ni. Ga wata mata can ta ɗaga haɓa sama tana leƙen mutane ta ƙasan ido, yadda Gwaggo ke yi. Gwaggo ta tashi ta isa gare ta.

"Baiwar Allah, ke ma da yamma yake kama ki?"

Matar ta riƙe hannunta ta fashe da kuka. Ashe daga ƙauye suka dawo Ƙofar Sauri, mijinta ɗan acaɓa ne, kuma dangin mijin sun daɗe suna cewa lalaci ne.

Tun daga nan mijin ya riƙa sauke ta gidanmu da hantsi, lokacin da suke da ƙarfi. Ran Asabar nakan tarar da su gindin dalbejiya, ga kunun tsamiya, Gwaggo na koya mata ɗinki, suna dariyar wadda idonta zai riga rufewa. Matar tana kiran Gwaggo Inna. In azahar ta matso sai su shimfiɗa tabarma ɗaya su kwanta.

Shekaru suka yi haka, har Allah ya karɓi Gwaggo da wani ciwon daban. Matar ta zauna da mu har sadakar bakwai, daga baya suka koma ƙauye. Na ji har yau tana ɗinkin hula, da safe kawai. Nakan yi kewar dariyar nan tasu, musamman ran Asabar in na shiga gida na tarar tsakar gidan shiru.