Na Karanci Yaƙe-yaƙen Duniya, Sai Ga Shi A Ƙofar Gidanmu

Ni 'yar malami ce daga wani ƙauye a yankin Miga. Mahaifina yana da makarantar allo, kuma shi ne limamin garinmu, amma duk da surutun mutane ya bar ni na yi boko har jami'a a Kano. A lokacin yarinya ce ni mai son a ce ta sani. Na zaɓi wani karatu da ya haɗa tarihi da siyasa da shari'ar ƙasa da ƙasa, inda ake nazarin yaƙe-yaƙe da haƙƙin ɗan Adam. Mun karanta abin da ya faru a Ruwanda da Bosniya, mun karanta bayanan matan da maƙwabtansu suka kashe musu maza. Ina karantawa ina tausayi, amma irin tausayin da ake yi wa mutanen nesa. Ban taɓa kawo wa raina cewa darasin zai biyo ni gida ba.

Na dawo hutun ƙarshe a shekarun da maganar shari'a ta cika ko'ina, kaka ta yi, ana ta rigima da makiyaya kan shanu da ke shiga gonaki. Abin da ya tayar min da hankali shi ne yadda bakin mutane ya canza. Fulanin da muka tashi tare da su, yanzu ba a kiransu sai da sunan ɓarna, ana cewa sai an share su gari zai zauna. Na san wannan harshen, na gan shi a littattafai. Na samu yayana, wanda nake bi, na roƙe shi ya janye jikinsa daga taron samari. Ya yi dariya, ya ce boko ya juya min kai, wai ina kwatanta Musulmi da arnan wata ƙasa. Na je wurin Malam, mahaifinmu, ya saurare ni, ya yi huɗuba a kai ranar Juma'a, amma zukata sun riga sun yi nisa.

Da hantsi wata rana samari suka tafi rugar da ke bayan fadama. Na ga yayana a cikinsu da gora a hannu. Kafin azahar hayaƙi ya tashi. Wata Bafulatana da ta yi shekara da shekaru tana kawo mana nono ta faɗo gidanmu da goyo, babu ko mayafi. Mijinta ya rasu a wurin. Innarmu ta ɓoye ta a ɗakinta, ta dama mata kunu, ta kasa sha. Da ta ɗago ta gan ni, abin da ta ce kawai shi ne, “Har da ɗan gidan nan.”

Da masu bincike suka zo daga Dutse, gari ya haɗa baki a kan babu wanda ya ga komai. Aka kira ni saboda an ce ni ce mai ilimin abin. Innarmu ta riƙe min hannu tana kuka, tana cewa in tuna nono ɗaya muka sha da yayana. Na tambayi Malam abin da zan yi. Ya ce ba zai umarce ni da ɓoye shaida ba, shari'ar da ake ta kira ma ba ta yarda da hakan ba, amma in sani ba zai iya kare ni daga mutane ba. Na faɗi abin da na gani.

An tsare yayana na wani lokaci, aka sake shi. Tun daga nan bai sake taka inda nake ba. A gari aka ce Turawa ne suka saye ni, wasu iyayen suka kwashe 'ya'yansu daga makarantar Malam. Bafulatanar ta bi danginta, ban sake jin labarinta ba. Innarmu ta rasu tana amsa gaisuwata da ƙyar. Yau ina koyarwa a Dutse, kuma idan an yi biki a gida sai dai in ji a bakin wasu. Ban yi nadamar shaidar ba, amma na gaji, gajiyar da barci ba ya ɗaukewa.

Ga masu sha'awar irin wannan karatu, ku yi shi, yana da amfani. Sai dai ku sani a aji ana koya muku gane zalunci ne, ba a koya muku yadda za ku zauna da kanku idan mai zaluncin jininku ne. Ku kuma iyaye da samari, in kun ji an fara kiran maƙwabci da sunan da ba na mutum ba, ku tsawatar tun a ranar. Ni na yi magana ne bayan kowa ya riga ya ɗauki gorarsa.