Garin da Baba Ya Koma a Bakin Kogi

Baba ya fita sallar asuba wata ranar Talata, bai dawo ba. A lokacin gigin tsufa ya yi kusan shekara biyu da fara taɓa shi. Ba wai ya ruɗe gaba ɗaya ba ne. Yau zai zauna ya yi maka hira tsaf, har ya gyara maka Turancin takardar ofis, gobe kuma ya tambayi Inna ina aka kai kekensa, keken da ya rabu da shi tun ban shiga firamare ba. Masallacin layinmu a Badarawa kana hango shi daga ƙofar gida, shi ya sa ba mu taɓa tunanin hana shi zuwa ba.

Da hantsi Inna ta kira ni a wurin aiki. Na bar fayil a buɗe kan tebur na fito. Ni da ƙanwata, wadda ke aure a Unguwar Dosa, muka raba gari biyu. Mun je gidajen tsofaffin abokansa, mun leƙa asibitoci, mun kai rahoto wurin 'yan sanda, mun watsa hotonsa a waya. Duk wanda muka tambaya sai ya ce Allah Ya bayyana shi, sannan ya kawar da kai. Kowa ya san abin da ake tsoro a garin nan idan mutum ya ɓace, amma babu wanda ya furta a gaban Inna.

Ranar Alhamis da safe, ina tsakar gida ina shan koko, wata baƙuwar lamba ta kira ni. Kwana biyu ke nan ina jiran wannan kiran, ina kuma roƙon Allah kada ya zo. Na fita zaure don kada Inna ta ji.

"Salamu alaikum. Da ɗan Malam Likita nake magana?"

Baba ba likita ba ne. Malamin asibiti ne ya yi ritaya, kuma ban taɓa jin wani ya kira shi haka a Kaduna ba. Na ce ni ne.

"To ka kwantar da hankalinka, yana wurinmu lafiya lau. Yanzu ma ya gama karin kumallo."

Na yi shiru ina jiran ya faɗi abin da suke so. Sai ƙarar iska kawai nake ji. Can ya ce, "Malam, kana ji na kuwa? Kan dutse na hawo don in samu sabis." Ya ce shi malamin makarantar firamare ne, ya faɗi sunan garinsu. Sunan ya dake ni. Garin da aka fara tura Baba aiki ne yana saurayi, tun kafin ya auri Inna. Muna yara yakan ambace shi idan an kawo kifi marar daɗi, ya ce mu ba mu san kifi ba.

Na zauna a kan dakalin zaure. Na fi minti biyar kafin in iya shiga in gaya wa Inna. Ta shimfiɗa sallaya ta yi sujada, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Na samu mota a tashar Kawo kafin ƙarfe goma. Mun bi titin Zariya har Katabu, sannan muka saki babban titi muka nufi gabas. Ƙarshen damina ne, dawa ta fitar da kai, masara ta bushe a kan karanta. Bayan kamar awa biyu kwalta ta ƙare, direba ya ce iyakarsa ke nan. Ɗan acaɓa ya ɗauke ni ta wata hanyar jar ƙasa mai ramuka, ya dire ni a inda hanyar ta gangara ta nutse cikin ruwa.

"Ga garin can," in ji shi, yana nuna tsallake da haɓa.

A Kaduna aka haife ni, kogi ya raba garinmu biyu, amma ban taɓa sanin ruwa ba sai ta kan gada, ta tagar mota. Nan kuwa ga shi shimfiɗe a gabana, jajawur, yana tafiya ba ƙara. Kwale-kwale uku ne a mashaya. Mai na tsakiya, wani dattijo mai furfura a gemu, ya dubi takalmina sau-ciki da jakar hannuna ya ce, "Kai ne ɗan Likita? An ce mu sa ido. Cire takalmin ka shigo."

Muka shiga mu bakwai, da buhun gishiri biyu da wata akuya da aka ɗaure wa ƙafafu. Da ya tura jirgin da gora ya bar gaɓa, na riƙe gefen katakon da hannu biyu. Wata mata da ke gabana, da goyo a baya da tire a cinya, ta waiwayo ta dube ni ta yi murmushi.

"Kada ka kalli ruwan, Alhaji. Kalli bishiyar can."

Na kafa wa wata ƙatuwar tsamiya ido har muka kai. Sai a tsakiyar kogi na tambayi mai jirgin ko shi ya ƙetarar da Baba.

"Ni ne. Shekaranjiya bayan azahar. Ya zauna a nan inda kake, ko gefe bai riƙe ba. Ya tambaye ni ina mahaifina, ya kira sunansa. Na ce ai ya rasu da daɗewa. Ya ce a'a, jiya ya yi masa allura." Ya ɗan yi dariya, ya nitsa filafili cikin ruwa. "Na ɗauka wasa yake yi."

Garin bai fi unguwa ɗaya ta Kaduna ba. Gidajen ƙasa ne da rufin kwano, 'yan kaɗan na bulo. Abin da ya fara tarbata shi ne ƙamshin hayaƙin banda. Mata na zaune gaban tanda suna juya tarwaɗa a kan ragar waya, an shanya taru a kan sanduna kamar wanki. Malamin makarantar yana jirana a gindin tsamiyar, siriri ne, da alli a hannun rigarsa. Muka gaisa, na rasa kalmar godiyar da za ta isa, sai kawai na riƙe hannunsa na ƙi saki.

A hanya ya ba ni labari. Da Baba ya sauka, kai tsaye ya nufi tsohon ɗakin shan magani, wanda yanzu ake ajiye hatsi a ciki, ya tsaya yana neman makulli. Wata tsohuwa da ke wucewa ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta kira shi Likita, ya amsa. Kafin la'asar gari ya ɗauka. Mai gari ya sauke shi a gidansa. Kowa ya zaci ziyara ya kawo, don gaisuwarsa daidai take, ya san sunan kowane gida. Sai washegari, da ya dinga tambayar mutanen da suka daɗe a ƙasa, ya kuma ce a tara masa yara gobe akwai rigakafi, sannan suka gane akwai matsala. Sun nemi ya ba da rigarsa a wanke, a aljihun ciki suka ga takardar da ƙanwata ta ɗinke a leda, mai ɗauke da lambata.

Na same shi a ƙofar gidan mai gari, zaune kan tabarma cikin aron riga mai ruwan ƙasa, dattawa huɗu kewaye da shi. Yana riƙe da hannun wani tsoho yana duba wani tabo a gwiwar hannunsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ɗago ya dube ni, a raina ina fargabar ko zai gane ni.

"Kai kuma wa ya ba ka hutu ranar Alhamis?" ya ce.

Dattawan suka yi dariya. Ni ma na yi, amma hawaye ne suka biyo baya, na sunkuyar da kai ina gyara zaman hulata.

"Baba, Inna ce ta aiko ni. Ta ce ka fita ba ka yi sallama ba."

Na ga abin ya ɗan dawo masa, ya dubi rigar jikinsa, ya dubi mutanen. "Ban gaya mata ba?" Na ce bai gaya mata ba. Ya ce, "Ban kyauta ba." Sai kuma ya juya ga tsohon nan ya ci gaba da duba tabon, yana cewa ɗinkin ya kama da kyau.

Niyyata in ɗauke shi mu juya a ranar. Mai gari ya ce sam. Ya ce kafin mu ƙetare mu kai kwalta motoci sun ƙare, kuma baƙo ba ya shigo musu ya fita da yunwa. Malamin makaranta ya raka ni kan dutsen bayan gari, na kira Inna da ƙanwata na ce sai gobe. Daga can sama na ga garin gaba ɗaya: kogin ya yi masa lanƙwasa kamar hannu, ga fadamar shinkafa kore shar, ga shanu suna shan ruwa a can ƙasa. Rabona da in ja numfashi har ƙasan ciki tun ranar Talata. Na zauna a kan dutsen na ɗan lokaci bayan na gama wayar, malamin bai ce mu tafi ba.

Da muka sauko an kawo abinci. Tuwon shinkafa ne da miyar ɗanyen kifi, ragon ruwa, an yanka shi manya-manya. Na ci har na ji kunya. Baba yana kallona ta gefen ido.

"Yanzu ka ci kifi," ya ce.

Bayan la'asar tsohuwar da ta fara gane shi ta zo, tana dogara sanda, wani magidanci ƙaƙƙarfa na biye da ita ɗauke da kwando. Ta zauna daga gefen tabarma ta ce mini, "Ɗana, ka ga wannan?" Ta nuna magidancin. "Yana da shekara uku amai da gudawa suka shigo garin nan. Ruwa ya cika, jirgi ba ya ƙetarewa, babu mai zuwa babu mai fita. Mahaifinka shi kaɗai ne. Kwana huɗu yana bin gida gida da butar ruwan gishiri da sukari, yana ɗura wa yara da cokali. Na ɗauka wannan ya tafi, har na rufe shi da zane. Shi ya yaye zanen ya ce in ba shi wuri."

Magidancin ya ajiye kwandon a gabana, cike da bandar kifi, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya dafa kansa ya tambaye shi ko yana zuwa makaranta. Mutumin, wanda ya kusa aurar da 'ya, ya ce, "Ina zuwa, Likita."

Shekara arba'in da wani abu ina ɗan mutumin nan, ban taɓa jin wannan labarin ba. Abin da na sani shi ne Baban da ke dawowa daga aiki a gajiye, ya rataye rigarsa, ya kunna rediyo.

Kafin magariba ya ce in zo mu zaga. Shi ke gaba, hannu a baya, tafiyarsa ta fi ta Badarawa ƙarfi. Ya nuna mini ɗakin da ya zauna, yanzu turken awaki ne. Ya nuna mini rijiyar da ya ce sun sha fama kafin mutane su yarda su bar shan ruwan kogi. A mashaya muka tsaya, masunta na shirya komarsu, mata na kwashe wanki. Ya daɗe yana kallon ruwan.

"Na san na tsufa," ya ce, bai dube ni ba. "Wani lokaci abubuwa suna cakuɗe mini. Ranar nan na fito masallaci sai na ji kamar na makara, ana jirana a nan. Da na zo na ga ba kowa a layin jiran magani." Ya juyo ya dube ni. "Amma sun karɓe ni."

Na ce, "Sun karɓe ka, Baba."

Washegari bayan mun karya, rabin gari ya rako mu bakin ruwa. An wanke masa rigarsa an goge da dutsen guga na gawayi. Mai gari ya ja ni gefe ya ce idan ruwa ya janye da rani in sake kawo shi, amma wannan karon in riƙo hannunsa, in kuma zo da Inna su gan ta. Na yi alkawari, kuma mun cika, sau biyu ma, kafin tafiya ta gagare shi.

A cikin jirgi na so in riƙe shi, sai na ga shi ne ya dafa gwiwata don in daina motsi. A mota ya yi barci tun kafin mu yi nisa, kansa a kafaɗata, kwandon kifi a tsakanin ƙafafuna. Fasinjoji suka yi ta tambayar inda na samo banda mai kyau haka, har na buɗe na ba wata mata guda biyu.

Mun iso Badarawa ana shirin tafiya Juma'a. Ƙanwata na tsaye a ƙofar gida, ta ruga ta riƙe shi. Inna ba ta fito ba, tana zaune a tsakar gida kan kujerarta, ta haɗe rai yadda ta saba idan ta tsorata. Baba ya tsaya a gabanta ya yi sallama. Ta amsa ba ta dube shi ba.

"Na je aiki ne," ya ce a hankali.

Ta ɗago ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"To sannu da aiki. Ga ruwan wanka can na juye, kada ya huce."