Hansai a Cikin Rumbu

Wata Talata ce a bazarar 1974, muna sussukar gero ni da Inna, muka ji ƙararrawar keken duba-gari a ƙofar gida. Nan take Inna ta saki taɓarya. Daga Gumel aka turo mutumin, yana bin ƙauyukan da ke kewayen Ɗanzomo gida-gida, yana ƙirga yaran da ƙyanda ta kama. A lokacin ko sunan cutar ba a kamawa a garinmu, sai dai a ce baƙon dauro ya sauka. Ya kuwa sauka, don da'irar gaɗarmu kullum raguwa take, kuma ba mai tambayar ina wance. Da safe idan ba a ji daka a wani gida ba, sai manya su dubi juna.

Ƙanwata Hansai tana kwance, idanu jajur, ƙuraje sun feso mata har bayan kunne. Kakarmu Iya, mace mai kafiya kamar turken jaki, ta riga ta yanke hukunci. "Dabba ake ƙirgawa," in ji ta, "ɗan da aka ƙirga, mutuwa ta san da zamansa." Ta kuma rantse allura ba ta haɗuwa da baƙon dauro. Ita da kanta ta ɗaga Hansai ta zura a rumbu, ta mayar da murfi, a wannan zafin da ko kaza sai ta buɗe baki.

Duba-garin ya tsaya a zaure ya ce, "Iya, ba mai zazzaɓi a gidan nan?" Ta ce, "Lafiya lau, ɗana, sai alheri." Ina jin tarin Hansai sama-sama, Inna kuwa ta ɗauki taɓarya ta hau dukan turmi don ta danne shi, hawaye na zuba a cikin geron. Duba-garin ya sha ruwa, ya yi godiya, ya hau kekensa. Kafin Talata ta zagayo, gidanmu ma ba a yi daka ba.

Yanzu da kaina nake kai jikokina rigakafi, in tsaya a kansu sai an rubuta sunan kowa. Ban ƙi Iya ba, ƙauna ce ta sa ta, amma abin yana cina har gobe. Hansai ba ta shiga lissafin masu ciwo ba, ba ta shiga na mamata ba. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni mu nawa ne a wurin Inna, da ita nake fara ƙirge.