Bargon Guntaye na Tasalla

Duk Sabon Garin Maraɗi an san Tasalla da saƙar kwarashi, an kuma san ta da halin da maƙwabta suke yi wa dariya: ba ta zubar da guntun ulu. Ko tsawonsa bai wuce taƙi ba, sai ta naɗe shi ta jefa cikin wata tsohuwar rigar matashi. Shekara ashirin da 'yan kai tana saƙa huluna da safar jarirai, rigar matashin nan tana ta yin ciki. In an tsokane ta, sai ta ce, "Ku bar ni. Da sannu tsumma ka yin rana."

Ranar ta zo bayan zaɓen 1993, lokacin da siyasa ta shiga gari ta raba launi. Mijinta Idirisa ya bi jam'iyya mai kore, surukinsu Ilyasu, manomin albasa a Jiratawa, ya bi mai rawaya. Mutum biyu da suke cin tuwo kwano ɗaya suka daina gaisawa. Kai, maza!

Ana cikin haka ɗiyarsu Rahmatu, matar Ilyasu, ta haihu a gidan iyayenta, namiji, ga ɗari ana yi. Idirisa ya sayo ulu kore ya ajiye gaban Tasalla. Washegari Ilyasu ya aiko da rawaya. Kowa ya rantse in aka naɗe yaron cikin launin wancan, ƙafarsa ba za ta taka wurin suna ba. Rahmatu tana ruwan zafi tana kuka, abin ya ƙona wa Tasalla rai ƙwarai.

Ba ta yi musu da kowa ba. Ta ɗora sabon ulun duka biyu bisa kabad, ta zazzage rigar matashinta a tabarma. Kwana biyar tana ƙulla guntu da guntu har yatsunta suka kumbura. Sannan ta aika wa kowannensu cewa launinsa yana ciki. Ba ta kuwa yi ƙarya ba.

Ranar suna suka zo, kowa ya zauna a gefensa yana cin magani. Aka shafa fatiha, aka raɗa wa yaro Abdulmuɗɗalib. Da taro ya ragu, Tasalla ta fito soro da jariri cikin bargo mai launi ya fi goma. Kunyar suruki ba za ta bar ta ta yi wa Ilyasu magana ba, sai ta dubi jikan.

"Angona, tsaya in gaya maka kayanka," in ji ta. "Ka ga rawayan ga? Ragowar hular uwarka ce. Kakanka Malam ya zaɓo shi da hannunshi a babbar kasuwa, ya ce babu launin da ya kai shi kyau."

Idirisa ya hau gyaran hula.

"Koren ga kau, na hular sanyi ne da ubanka ya sa aka saƙa ma mahaihinshi, Allah jiƙan shi, shekarar da ya kwanta ciwo. Shi ya ce kore, ba ni ba."

Ilyasu ya sunkuyar da kai. Ya miƙa hannu ya shafa layin koren nan, ya daɗe bai ɗauke ba. Can ya tashi, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban surukinsa.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau, Ilyasu. Ya albasa?"

Guɗar da mata suka rangaɗa a cikin gida, har bakin titi an ji ta.

Da darajar kuɗin sefa ta faɗi, ulu ya yi tsada, masu dariyar nan su ne suka riƙa sallama da ƙunshin guntayensu, a koya musu ƙulli. Har daga Tibiri ake aiko wa Tasalla aiki. Ta tsufa tana saƙa, ba ta taɓa yin alfahari da bargon nan ba, amma in aka taɓo zancen sai ta yi murmushi ta nuna saman kabad. Kore da rawayan nan suna nan cikin ledarsu, ko buɗe su ba a yi ba.