Yadda Launi Ya Bar Fuskar Yaya

Yaya ya rasu a hanyar Maiyama, motar albasar da ya ɗauko daga Aliero ce ta kife da shi. Kafin labari ya iso garinmu Kimba an riga an rufe shi a can. Inna ba ta ga gawa ba. Kuma da yake ɗan farinta ne, kunya ta hana ta kuka gaban mutane, yadda ta hana ta kallon fuskarsa sosai tun yana goye.

Lokacin ina buga takardu a wani shagon kwamfuta a Jega Sabon Gari. Hotonsa ɗaya tak a duniya yana cikin kwamfutar nan, shi na shimfiɗa a bangon allonta: yana dariya, hula a karkace, idon nan ja wur saboda rana. Baba kuwa ba a shiga masa gida da hoto, ko na waye. Ga shi mai shago ya sayar da kwamfutar, washegari za a share komai a tafi da ita.

Sai na yi wa Baba ƙarya, na ce asibiti zan kai Inna, na kawo ta shagon.

Ta zauna a benci, ta ƙura wa Yaya ido. Wallahi ban taɓa ganin ta kalle shi haka ba. Tana nan zaune har la'asar ta yi sanyi, mai shago ya leƙo ya ce man janareta ya kusa ƙarewa, in rufe.

Wanda ya ƙirƙiro yadda na'urar nan ke rufewa, na san kwalliya ya yi nufi, amma har yau ina jin haushinsa. In ka danna wurin rufewa, ba ɗif take yi ba. Launi ne ke janyewa sannu sannu, har komai ya koma toka-toka, tana jiran ka tabbatar. Kullum ina ganin haka, ban taɓa kawo komai a raina ba, sakarai da ni. Na danna. Jan idon Yaya ya dushe, leɓensa ya yi fari, fatarsa ta koɗe.

Inna ta damƙe mini hannu. “Mi kay yi mai?”

Nan take na fasa rufewar. Launi ya dawo fuskarsa gaba ɗaya.

“Ashe shina dawowa,” ta ce a hankali.

Kaico. Janareta ya fara tari a waje, mai shago na ta buga ƙofa da makulli.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta saki hannuna. “Sake, ɗan nan. Amma kak ka yi gaugawa.”

Na sake dannawa. Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin, tana laƙƙana masa kalmar shahada, launi na fita, muryarta ba ta ko girgiza ba. Da ya gama komawa toka, ta sa yatsu biyu ta shafo idanunsa ƙasa. Ba su rufu ba. Ni ne na fashe da kuka, na danna na ƙarshe, allon ya yi baƙi.

Na jawo ƙyallen da muke rufe kwamfutar da shi. Ta karɓe daga hannuna, ta kakkaɓe, ita ta lulluɓa masa, tana soke gefe da gefe.